Inda Ubanta Ya Kira Sunanta Ne Ya Tsinke A Hannuna

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah ka saka min wannan ba tare da sunana ba, kuma ka bar shi yadda na rubuta ko ka ga kuskure, da manyan baƙaƙe nake dannawa a waya, dalilin haka ma yana cikin maganar. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ina cewa a raina yaran zamani komai sai sun kawo shi bainar jama'a, to yau ga ni da furfurata na kawo tawa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu suka rage min.

Ni mai gyara ne a Funtua, na haura shekara sittin. Na fara koyon gyaran rediyo a ƙarshen shekarun saba'in a hannun wani Bayarabe da duk unguwa ke kira Oga, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai faɗa amma ya san aikinsa. Doka ɗaya gare shi, kada ka jona wuta a kayan mutane sai ka auna, ko batir ne sai ka ɗora masa mita. Ya taɓa kwaɗa min mari saboda na jona adafta ban auna ba, alhali babu abin da ya ƙone, na ce masa Oga ai lafiya lau take, ya ce shi ya sa ya mare ni yau, don ranar da ta ƙone mari ba zai yi amfani ba. Daga rediyo na koma rikoda, na yi talabijin da bidiyo, na yi waya, yanzu laftof nake yi. Waɗanda muka fara tare duk sun ajiye sana'ar, wasu sun koma gona wasu sun koma ga Allah, ni ne na ƙi ajiyewa, kuma ina ji da kaina a kan haka, watakila ma fiye da yadda ya kamata.

Ku yaran yanzu ba ku san saƙon kaset ba. A da in mutum bai iya rubutu ba, ko ya iya amma maganar ta fi ƙarfin takarda, sai ya sayi kaset ya zo shago irin nawa, in danna masa rikoda ya yi magana, a ba direba ko wani matafiyi ya kai. Na ɗauki saƙon masu zuwa aikin hajji, na ɗauki na 'yan ci-rani, na ɗauki na tsofaffi masu yi wa 'ya'yansu faɗa daga nesa. Har labule na yi a bayan shagon da benci ɗaya, saboda wani in ya fara magana sai kuka ya zo masa, ba ya so a gani.

A lokacin ina da aboki, zan kira shi Ayuba amma ba sunansa ba ne. Mutumin Gozaki ne, Kirista, iyayensa na cikin waɗanda suka shiga mishan tun farko. Da damina yana noman auduga da masara, in an gama kaka sai ya bi motar tumatir daga Danja zuwa kudu. Mun haɗu ne ta wata rediyonsa da ba ta jin gyara, kullum sai ya dawo da ita, har na gane ba rediyon ke kawo shi ba, hira ce. Dogo ne mai dariya da ƙarfi, amma akwai shi da kunya irin ta mutanen da. In azumi ya zo ba ya cin komai a gabana, in Kirsimeti ta zo shi ke kawo min kaza da ranta ya ce in yanka da kaina don kada in yi masa ƙorafi. Shekara shida muna tare ko musu mai zafi ba mu taɓa yi ba, sai dai a kan ƙwallo.

Ya yi aure, matarsa ta haihu a tsakiyar shekarun tamanin, lokacin muna jihar Kaduna ba a cire Katsina ba tukuna. Haihuwar fari ce, saboda haka tana gidan iyayenta tana wankan jego. Mace aka samu, aka sa mata Ladi. Wannan sunan kam dole in faɗe shi na gaskiya don a kansa maganar take, kuma Ladi da yawa suke a ƙasar nan. A wurinmu laƙabi ne na wadda aka haifa ran Lahadi, a wurinsu kuwa shi ne sunanta sak, wanda aka raɗa mata a coci. To kun san kunyar ɗan fari. Ayuba ba ya iya zuwa gidan surukai ya zauna da matarsa, ba ya iya ɗaukar jaririyar a gaban mutane, sunanta kuwa ko a gabana ba ya faɗa. Sai dai ya ce yarinyar nan, ko ya ce baƙuwar. Ni kuma in tsokane shi in ce wace yarinya, ba ta da suna ne, sai ya kai min duka yana dariya. Sau ɗaya ya gan ta, shi ma satar kallo ya yi daga zaure.

Ana gobe za su ɗauki tumatir ya zo shagona da sabon kaset da hantsi, ya ce in ɗaukar masa saƙo zuwa ga maiɗakinsa. Na danna masa, ya fara da cewa, "Ke, ni ne." Ya gaida surukansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya aiko da sabulu da zanen goyo, ya ce ta daina wanka da ruwan da ya yi zafi da yawa don an faɗa masa tana jiri. Sannan ya ce, "In Allah ya yarda ran Ladi ina gida." Haka mutanenmu ke cewa, ran Ladi, ba kowa ke jan ta zuwa Lahadi ba. Daga nan sai ya dube ni ya yi min alama da hannu in fita. Na fita amma ban yi nisa ba, a bayan labulen na tsaya, ina saurayi a lokacin ga son jin gulma. Na ji ya ce, "To ita kuma wannan, yarinyar, ki kawo kunnenta kusa da rediyon." Ya yi shiru har na ɗauka ya fasa. Sai na ji ya ce "Ladi" a hankali kamar mai tsoron ya tashe ta daga barci, dariya ta kubce masa, ya sake cewa, "Ladi, Babanki ne." Sannan ya gyara murya ya ce, "To shi ke nan, kada ki bari kowa ya ji wannan wurin."

Da ya fito na yi kamar ban ji komai ba. Na rubuta sunan shagona a jikin kaset ɗin da biro kamar yadda nake yi wa kowa, muka ba wata mata mai zuwa Gozaki ta kai. Ran Asabar labari ya zo cewa motarsu ta faɗi a hanyar dawowa, mutum uku suka rasu har da shi. Na je jana'iza, na tsaya daga baya, na yi kukan da ban yi wa wasu 'yan uwana na jini ba. Bayan shekara biyu matar ta yi wani aure aka tafi da ita can wajen Malumfashi, ni kuma na yi nawa auren, hidima ta yi yawa, na yi ta cewa zan je in ga yarinyar Ayuba har shekara kusan arba'in ta wuce ban je ba. Wannan ma laifi ne da nake ɗauke da shi, amma ba shi ya kawo ni nan ba.

Sati biyu da suka wuce wata mata ta yi sallama a shagona, doguwa, da jakar laftof a kafaɗa. Kafin ta faɗi abin da ya kawo ta na tsaya ina kallonta, don goshin Ayuba na gani da haƙoransa. Ta ce Baba kai ne mai wannan sunan, ta miƙo min kaset a naɗe cikin tsohon ɗankwali, ga rubutuna na ƙuruciya a jiki. Ta ce ta yi kwana biyu tana tambaya a gari don shagon ya tashi daga inda yake har sau biyu. Malamar makaranta ce yanzu, da 'ya'yanta huɗu. Mamanta ta rasu bara, kuma sai da ciwo ya yi tsanani ta nuna mata kaset ɗin a ƙasan akwati. Ta ce mata sau ɗaya ta saurare shi a rikodar maƙwabta, washegari aka kawo labarin rasuwa, ba ta sake iya kunna shi ba, da ta yi wani aure kuma kunya ta hana ta fito da shi. Ta ce mata, babanki bai taɓa kiran sunanki a gaban kowa ba, amma a cikin nan ya kira.

Ladi ta ce min ko hotonsa ba ta da shi. Mijin mamanta ya riƙe ta da kyau ba ta da abin cewa, amma tun tana ƙarama take jin ƙawayenta na cewa babana ya kira ni, ita kuma tana tunanin ko nata wace irin murya gare shi. An ba ta shawara ta kai Zariya inda ake da manyan na'urori, ta ce a'a, wanda ya ɗauka shi zai buɗe. Abin da take so in juye mata shi cikin laftof ɗinta, don ta ji, 'ya'yanta ma su ji. Na ce mata 'yata wannan ai ƙaramin aiki ne, ki bar min su ki dawo. Na so in faɗa mata ina bayan labule ranar, sai na ce bari in bari ta ji da kunnenta tukuna, kada in rage mata daɗin. Na ƙi karɓar komai a hannunta, ta durƙusa har ƙasa ta yi godiya ta tafi.

Ga inda na yi ɓarnar. Ina da wata 'yar rikoda ta zamani da ake juye kaset da ita, tana da waya da ake sakawa a ramin USB na laftof, tana aiki da batir, kuma tana da ramin adafta mai ƙarfin wuta bolt biyar. Bayan azahar na rufe ƙofa rabi, na jona ta da laftof ɗin Ladi, na sa iyafis a kunne na danna. Jama'a, muryar Ayuba ta fito tar kamar jiya muka rabu. Ke, ni ne. Hawaye suka cika min ido. Ya gaida surukai, ya yi maganar sabulu, ya ce ran Ladi yana gida. Yana isowa wajen ki kawo kunnenta kusa da rediyon sai na ji muryar ta fara ja tana kauri, batir ya yi sanyi. Abin da ya kamata in yi ko ɗan koyo ya sani, in tsayar da kaset, in sayo batir ko in auna adafta. Ni kuwa ban iya haƙurin minti biyu ba, so nake in ji wurin nan. Na miƙa hannu cikin kwalin adaftoci na zaro ɗaya na cusa, kaset na juyawa.

Adafta mai bolt biyar da mai goma sha biyu bakinsu iri ɗaya ne, rubutun jiki ne kawai ya raba su. Ni kuma shekara biyu ke nan yanar ido ta fara rufe min gani, ba na ganin ƙananan rubutu, ban faɗa wa kowa ba sai uwargidana. Dabarar da na yi, na ɗiga wa masu goma sha biyu jan farce a baki. To na wannan ya kankare, ko kuma yana nan hawaye ne suka hana ni gani, Allah kaɗai ya sani. Mitar kuwa tana kan teburin, ko kamu ɗaya babu tsakaninta da hannuna. Ina cusawa muryar Ayuba ta koma tsuwa kamar ta tsuntsu, na ji ƙauri, fuskar laftof ta ɗauke. Injin rikodar ya zabura ya naɗe zaren kaset a jikin robar da ke jansa. Na fizge adaftar, a ruɗe na buɗe murfin na ja kaset ɗin, zaren ya miƙe ya murɗe ya tsinke a hannuna. Na zauna a ƙasa ina salati, na ji kamar yau aka kawo min labarin motar.

Da yamma Ladi ta kira ni a waya, tana ɗoki, ta ce Baba an ji shi kuwa. A nan na yi abin da ban taɓa yi wa mai kawo min gyara ba. Na ce mata wuta ce aka dawo da ita da ƙarfi ta taɓa laftof ɗin, amma zan gyara, ta ba ni kwanaki. Ta ce ba komai Baba, laftof ai ana sayen wani, kaset ɗin dai yana lafiya ko. Na ce lafiya lau. Kalma biyu, wallahi har yanzu suna min ɗaci a baki. Ta ce mun gode Allah, ta kashe.

Laftof ɗin na fara kamawa don shi na san hanyarsa. Da na cire batir na mayar ya kunnu, amma ramukan USB ɗin uku duk sun mutu, ko filashi ka saka ba ya ƙyaftawa. Na buɗe shi na ɗora mita a layin bolt biyar, na tarar ya haɗe da layin da muke kira ƙasa, wato wuta na zurarewa. Na bi layin a hankali da gilashin ƙara girma biyu a haɗe, ɗaya kan ɗaya, har na iso ga ɗan ƙaramin cif ɗin da ke raba wa ramukan wuta, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ga huda a bayansa inda ya fashe. Fiyus ɗin kusa da shi ya yanke, wani ɗan diyod mai tare wuta in ta yi yawa shi ma ya ƙone. Shi ne ma ya yi mana rana, don da wutar ta wuce shi ta isa babban cif ɗin da ke tsakiyar allon injinsa da sai dai a jefar da laftof ɗin. Na tono wani mataccen allo irinsa a cikin tarkacena na ciro kayan da na'urar hura iska mai zafi. Aikin da a da nake yi kafin shayi ya huce, kwana huɗu na yi a kansa. Sau biyu cif ɗin na sulluɓe min ina lalube a ƙasa da tafin hannu, sau ɗaya na ɗora shi a juye na sake cirewa. A ƙarshe dai na auna na samu bolt biyar cif a ramuka ukun, na saka filashi ya karanta. Littattafan darasinta da hotunan 'ya'yanta duk suna nan. Na gyara abin da ta ce ana sayen wani.

Sai kaset. Na kwance shi na shimfiɗa zaren a kan farar takarda. Wurin da ya lalace ya kai kamu ɗaya, ya miƙe ya zama siriri kamar zaren ɗinki, baƙin jikinsa da ke riƙe murya ya goge ya bar roba fara. Na gwada lallaɓa shi da bayan cokali mai ɗumi kamar yadda muke yi a da, na kunna, babu komai sai shuuu. Dole na sa reza na yanke, na haɗa bakin biyu da salatif. Na sayo sabon batir na aro wata rikodar, na juye shi cikin laftof ɗin ta ramin da na gyara da hannuna. Ga abin da ya rage, "ki kawo kunnenta kusa da rediyon," sai ɗan ƙas na wurin haɗi, sai "to shi ke nan, kada ki bari kowa ya ji wannan wurin." Duk kaset ɗin lafiya yake, gaisuwar surukai tana nan, sabulu yana nan. Abin da ta zo nema ne kawai babu.

Ina ta maimaita sauraro sai kunnena ya tsaya a kan wancan wurin na farko, in Allah ya yarda ran Ladi ina gida. Ladi. Da bakinsa, da muryarsa. A kwamfuta yanka murya da liƙa ta ya fi yanka zare sauƙi. Ban tsaya dogon tunani ba na kwafo kalmar na kai ta cikin gurbin, na sa shiru kaɗan gabanta da bayanta, na goge ƙas ɗin. Yanzu in ka kunna za ka ji ya ce ki kawo kunnenta kusa da rediyon, ya yi shiru, ya ce Ladi, ya ce kada kowa ya ji wannan wurin. Ya zauna daram, ni da na yi aikin ma sai da tsigar jikina ta tashi. Fayil biyu ke cikin laftof ɗin yanzu, mai gurbi da mai liƙi.

Na kai gida na kunna wa uwargidana mai liƙin ban ce mata komai ba. Ta san Ayuba a labari kawai. Ta yi hawaye, sannan ta ce in sake kunnawa, na sake, sai ta ce wannan mutumin kuwa 'yarsa yake kira ko amsa tambaya yake. A nan na faɗa mata komai, muka yi faɗan da muka daɗe ba mu yi irinsa ba. Ta ce tun bara take cewa in je a duba idon nan na ƙi don kada a ce tsoho ya ƙare, ga shi girman kai ya ci amanar marainiya. Ta ce ƙaryar wuta daban, amma in sa wa mamaci magana a baki wannan ita ba ta san hukuncinsa ba, kuma ba ta so ta sani. Na ce ban sa masa abin da bai faɗa ba, ya kira sunan, ni shaida ne, muryarsa ce ba ta wani ba, abin da na ɓata na mayar. Ta ce ba shi na mayar ba, ranar da ya yi alkawarin dawowa bai dawo ba ita na ɗauko na ba yarinya a matsayin sunanta. Na yi fushi na ce ita ba ta ga fuskar Ladi ba lokacin da ta miƙo kaset ɗin. Ta ce shi ya sa take iya faɗa min gaskiya. Kwana biyu ba mu yi hirar kirki ba.

Abin da ke ci na shi ne ta yi daidai a kan muryar. Wanda na ji ta bayan labule da taushi ya fito, da rawar murya, ga dariya ta biyo baya, ga Babanki ne. Wanda na liƙa a tsaye yake, irin na mai faɗin ranar kasuwa. Amma wa ya san bambancin? Mamanta ta rasu, Ayuba ya rasu, ni kaɗai na rage a duniya da na ji na ainihin. Ladi ba ta da abin da za ta gwada da shi. Za ta ji ubanta ya ce Ladi, ta yi kukanta, ta tura wa 'ya'yanta a waya, ta rayu da shi har ƙarshen ranta. In kuwa na faɗa mata gaskiya, na san irin tarbiyyarta, za ta ce ba komai Baba, haka Allah ya so, ta ɗauki jakarta ta tafi, kuma wannan ba komai ɗin sai ta fi min zagi ciwo. Uwarta ta adana abin nan kusan shekara arba'in, ya tsallake tashin gida da damina da gara, ya zo hannun abokin ubanta ya yi yini ɗaya.

Uwargida ta ce in zaunar da ita in faɗa mata yadda ya faɗa, in kwaikwaya mata shirun da dariyar, tunda ina bayan labule. Na gwada ni kaɗai a shago, na ce Ladi, Babanki ne, sai na ji muryar wani tsoho mai majina wanda bai taɓa zuwa duba ta ba. Ba muryata ta yi kwana biyu tana nema a gari ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai tsoron kaina a ciki. In na faɗi gaskiya dole in faɗi maganar ido, in ta fita kuwa babu mai sake kawo min laftof, ni kuma ban san kaina ba sai a kan teburin nan. Ina jin kunyar saka wannan a ma'auni ɗaya da nata, amma yana nan, gara ku sani kafin ku yanke min hukunci. Wani lokaci sai in ce tausayinta ne ya sa na yi liƙin, wani lokaci in ce kaina nake rufa wa asiri, na kasa raba su.

Jiya ta sake kira. Na ce mata laftof ya tashi, ramukan duk suna aiki. Ta yi murna, sannan ta yi ƙasa da murya ta ce Baba kada ka faɗa min komai, amma ka ji wurin? Na ce na ji. Wannan kam ba ƙarya ba ce, sai dai ban ce mata yaushe na ji ba. Ta ce za ta zo da babbar 'yarta, ta ce ka san Baba ita ma ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce ke, muna ta yi wa tsofaffi dariya ashe mun gado. Ta yi dariya, dariyar Ayuba ce sak, na rufe bakin wayar da hannu don kada ta ji abin da nake yi.

To jama'a ga ni gabanku. In kunna mata mai liƙin in yi shiru in tafi da shi kabarina? Ko in kunna mata mai gurbin in ce 'yata ni na tsinke shi, ba wuta ba ce, ga kuma abin da ya faɗa? Ko in ba ta duka biyun in faɗa mata yadda aka yi, ko da hakan zai ɓata mata na liƙin har abada? Masu ilimin addini, namu da nasu, ku faɗa min matsayin wannan liƙin. Waɗanda suka tashi ba su san muryar ubansu ba, ku na fi so in ji, in ku ne wanne za ku so a yi muku? Zagi ma ku yi in kun ga dama, na cancanta, amma ku haɗa da shawara. Na tambaye ta yaushe za ta zo in shirya, ta ce makaranta ba ta barinta sai ƙarshen mako, in Allah ya yarda ran Ladi tana shagona bayan an tashi daga coci. Ita kam na san za ta zo. Wanne zan danna mata?